Baƙi 9 a gida, famfo ya tsaya, ga rasuwa a gidan mai gari: ina zan sa kaina?

Matar Mai Bishara:
Salama gare ku 'yan zaure. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, cikina ne ya cika. Shekararmu 6 ni da maigidana muna aikin bishara a wani ƙauye a ƙasar Zuru, ta wajen Fakai. Ba zan kama sunan garin ba. Abin da ke hannunmu shi ne ɗakin sujada mai rufin kwano, ajin koyon karatu, ɗakunan kwananmu 2, ɗakin baƙi 1, sai famfon tuƙa-tuƙa da rabin gari ke sha.

A watan Agusta wata ikilisiya ta birni ta turo mana matasa 9 su taya mu aiki na kwana 12. Yara ne masu ladabi, ban ga laifinsu ba. Amma tuwon dawa ba ya wuce musu, sai shinkafa da taliya, kuma sau 3 a rana. Rana ta 3 famfo ya tsaya. Ni da 'yata muka koma rafi da jarka, ruwan wanka na mutum 9 ban da namu. Su kuma aikin da suka zo da shi fenti ne. Suka shafe ɗakin sujada ciki da waje ana tsakiyar damina, alhali gara ta cinye katakon rufi, idan ana ruwa sai mun jera robobi a gaban bagadi.

Rana ta 5 ƙanin mai gari ya rasu. Maigidana ya ɗauki ɗaya daga cikin baƙin a babur zuwa Zuru saboda zazzaɓi, ruwa ya tare su suka kwana can. Ni ga tukwane a wuta. Ba mu taka gidan makoki ba sai rana ta 3 da rasuwar. Mai gari ya dube mu ya ce, "Ashe kuna gari?" Bai ƙara ko kalma ba. Tun daga ranar yaran aji suka ragu, wanda da sai mun shimfiɗa tabarma a waje, yanzu benci 3 ba sa cika.

Jiya kuma an bugo waya, wai wata tawagar za ta zo mana Kirsimeti. Don Allah ku ba ni shawara.

Ɗan Ribah:
Mama sannu. Ku ce musu a'a kawai. Kuɗin motar da ya kawo mutum 9 ya mayar da su, a farashin man fetur na yanzu tun da aka cire tallafi a 2023, ya isa a kira kafinta daga Mahuta ya sauya katakon nan gaba ɗaya har a samu canji.

Ƙanin Timoti:
Gaskiya ban ji daɗin wannan rubutu ba. Ibraniyawa 13 ta gargaɗe mu kada mu manta da karɓar baƙi. Kuma Mama ki tuna da Marta, hidima ta ɗauke mata hankali har ta kai ƙarar 'yar'uwarta, aka ce mata Maryamu ce ta zaɓi rabo mai kyau. Aikin Ubangiji ba a yin sa da gunaguni.

Shugabar Zumuntar Mata:
Ɗana, zo nan. Ka taɓa ɗaukar jarka daga rafi a kan taɓo? Ka taɓa hura ɗanyen icce a watan Agusta hayaƙi na cin idonka, mutum 9 na zaune suna jiran shayi? Tunda ka iya buɗe Littafi, ka buɗe Ayyukan Manzanni sura 6. Da rabon abinci ya kawo gunaguni, manzanni ba su ce wa kowa ya yi shiru ba. Mutum 7 aka zaɓa aka ɗora musu aikin, kuma maza ne. Ba a tattara aka jibga wa matar Bitrus ba.

Ƙanin Timoti:
Mama ba raini ba ne, tunatarwa ce kawai.

Shugabar Zumuntar Mata:
Na ji. In tawagar Kirsimeti ta tashi ka biyo su, an ba ka murhu.

Makanikin Famfo:
Ni bari in kama ta inda na sani. Mama, famfon naku wane iri ne? In kika buɗe kansa kika ga sarƙa kamar ta babur, India Mark II ne. In babu sarƙa, kuma bututun da ya shiga ƙasa na roba ne, to Afridev ne. Sannan yaya ya yi kafin ya tsaya? In da safe sai an daɗe ana tuƙawa kafin ruwa ya hau, bawul ɗin ƙasa ne ke yoyo. In hannun ya saki ya yi sakayau babu nauyi ko kaɗan, sanda ce ta kwance ko ta karye. In yana da ɗan nauyi amma ruwan na zuwa kaɗan-kaɗan, robar da ke jikin abin da ke turo ruwan ce ta cinye.

Matar Mai Bishara:
Babu sarƙa. Ya fi wata yana rage ruwa, sai da baƙin suka zo ya ƙarasa. Samarin cikinsu gasa suka riƙa yi, suna buga hannun da sauri har yana dukan ƙarfe.

Makanikin Famfo:
To ku gode wa Allah, mai sauƙin ne. An ƙera Afridev ne don mutanen ƙauye su gyara da kansu. Ba sai an ciro bututu ba, sandunan kawai ake zarowa ɗaya bayan ɗaya har a kai ga abin da ke turo ruwan, a sauya roba a mayar. Mutum 3 da sifana sun gama kafin azahar. Da ɗayan ne, sai an nemo ƙarti da kayan ɗagawa saboda nauyin bututun ƙarfe. Kuma kada ki ɗora wa yaran laifin duka, robar ta riga ta mutu, su dai sun yi mata jana'iza ne. Amma a koya wa kowa, famfo ja mai tsawo yake so a hankali, ba bugun sakwara ba.

Abin da ya fi damuna, famfon da rabin gari ke sha me ya sa gyaransa ya zama na gidanku kaɗai?

Mai Kula da Zaure:
Wani ya turo mini saƙo yana tambaya wai me ya sa Mama ba ta ce "'yan sa kai" ba tunda aikin sa kai suka zo yi. Ɗan'uwa, a ƙasar Zuru in ka ce 'yan sa kai 9 sun sauka a gidan mai bishara, kafin magariba an kai labari Dirin Daji cewa an ga bindigogi. A ci gaba da cewa baƙi.

Tsohuwar Kofa:
Na karanta jikina ya yi sanyi, don ni ma na taɓa zama irin baƙin nan. Daga sansanin Dakingari aka tura ni hidimar ƙasa a Zuru, kuma ƙungiyarmu ta masu bi takan fita ƙauye wa'azi a ƙarshen mako. Mun cika mota, muka yi wa yara aski, muka raba magani da gwanjo, muka yi waƙa har dare. Da za mu tafi har kuka na yi don daɗi. Sai yau da na karanta rubutun Mama na tambayi kaina, wa ya ɗebo ruwan da na yi wanka da shi? Wallahi ban sani ba. Na dai ga bokiti a ƙofar banɗaki.

Amma Yaya Ɗan Ribah, ban yarda a rufe ƙofa ba. Wannan fitar ce ta sa har gobe nake aika wa wani mai bishara ɗan abin da ya samu duk wata. Wanda bai taɓa ganin ƙauye da idonsa ba, in ka ce masa ya ba da kuɗin katako ba zai bayar ba.

Ɗan Ribah:
Ƙanwata, ke ɗaya ce cikin nawa? Sauran hoto suka je ɗauka. A tara yaran mutane da kwanon abinci a hannu, a ɗauka, a watsa a Facebook a rubuta "waɗanda ba a kai gare su ba". Uban yaron nan yana da rumbu 3 cike da dawa. Yanzu kowa na da waya, ɗansa da ke aikin soja ya gani ya bugo gida yana faɗa. Baƙo ya tafi, mai bishara ne zai sha kunyar.

Matar Mai Bishara:
Wannan ma ya faru da mu, ban dai so in tsawaita ba.

Dattijo daga Dabai:
'Yata, na bari yara sun gama ne kafin in sa baki. Na tsufa a wannan aiki, kuma na tarar da ƙarshen zamanin Turawan mishan, lokacin da in ciwo ya yi tsanani asibitin mishan na Tungan Magajiya ake nufa da mutum. Abin da na gani a wurin waɗanda suka yi tasiri a cikinsu, ba gini ba ne. Zama ne. Sun koyi Hausa, waɗansu har da C'lela, harshen Dakarkari, sun san sunan kakan kowa, in an yi rasuwa suna kan tabarma.

Kin jera abubuwa 3 kamar kishiyoyi, baƙi da gyara da zumunci, kina neman yadda za ki raba musu kwana. Ni a wurina ba ɗaya suke ba. Famfo zai jira. Fenti zai jira har abada ma. Gaisuwar rasuwa ba ta jira, ranarta ranarta ce. A ƙasarmu da saurayi kan yi wa surukai noman golmo har shekara 7 kafin a ba shi mata, kina ganin mutanen nan da me suke auna mutum? Da ƙafarsa. Shekara 6 kuna zuba wannan noman, kada baƙin kwana 12 su sa ku yi asararsa.

Kuskuren ranar nan ba na rashin maigida ba ne, shi lalura ta tare shi kuma kowa zai fahimta. Da kin sauke tukunya, kin ce wa yaran nan 8 da suka rage su sa tufafin kirki, matan su ɗaura ɗankwali, kin tasa su gaba har ƙofar mai gari. Ki koya musu "sannu da haƙuri" a hanya, ba ta fi ƙarfin bakinsu ba. Su zauna a ƙasa su yi shiru na awa ɗaya. Da har yau ana faɗi a garin cewa rasuwar ƙanin mai gari har daga birni aka zo gaisuwa. Baƙin da kika ga sun tare miki hanya, su ne babbar gudummawar da za ki kai, kika bar su a gida da burushin fenti.

Matar Mai Bishara:
Baba, wallahi ko kusa hankalina bai kai nan ba. Ni tunanina kada baƙi su ji yunwa a ce matar mai bishara ba ta iya karɓar mutane ba.

Dattijo daga Dabai:
Yunwar yini ɗaya ba ta kashe matashi. Gobe ma ya ba da labari a birni.

Malam na Jega:
Assalamu alaikum. Ni Musulmi ne, aikin da'awa nike yi a ƙauyuka, kuma da na karanta sai na ga kamar gidana aka leƙa. Mu ma haka ɗalibai ka taho muna lokacin hutu, ko a kawo tawaga da azumi. Abin da munka riƙe shi ne hadisin da ya nuna liyafar baƙo kwana 3 ce, abin da ya wuce haka sadaka ne, kuma bai halatta baƙo ya zauna har ya ƙuntata wa mai gida ba. To da wannan nike fara yi musu karatu daren da sunka iso, cikin raha. Bayan kwana 3 kowa ya san inda rijiya take.

Batun mai gari kuwa, kada ku aika, kada ku buga waya. Ku nemi dattijon da yake jin nauyinsa ya raka ku, ku riƙa goro, ku tafi da sassafe kafin zaure ya cika. Kada ku tsaya dogon bayanin zazzaɓi da ruwan sama. Ku ce mun yi kuskure. Manya sun fi son wannan.

Shugabar Zumuntar Mata:
Malam Allah ya saka. Wannan karatun na kwana 3 da za a ara mana shi da mun gode.

Ma'ajin Wata Ikilisiya:
Bari in yi magana a madadin masu turowa, tunda an mai da mu abin duka. Ni ke fitar da kuɗin irin wannan tafiya a wurinmu. Duk rahoton da masu bishara ke aiko mana, daga farko har ƙarshe "muna godiya, aiki na ci gaba". Ban taɓa ganin wanda ya rubuto cewa gara ta ci rufi ba. Mun tambaya me matasa za su yi in sun zo, aka ce duk abin da suka ga dama. To yaro ɗan jami'a me ya iya ban da fenti? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, in bai faɗa ba mu duba za mu yi?

Ɗan Ribah:
Baba Ma'aji, kun san dalilin da ba sa faɗa. Wanda ke biyanka alawus ba ka ce masa baƙinsa sun yi maka nauyi.

Mai Bisharar da Ake Magana:
Salama. Ni ne maigidan. Ban san ta yi rubutun nan ba sai da wani abokin karatuna ya bugo yana dariya, ya ce ko ba a faɗi suna ba ya gane robobin gaban bagadi. Da farko raina ya ɓaci. Da na karanta duka sai na ga babu ƙarya ko ɗaya.

Abin da Ɗan Ribah ya faɗa shi ne gaskiyar. Tsoro nake ji. Ikilisiyar nan ita ke riƙe da mu, kuma na ga abokan aiki da aka daina tunawa da su don an ce ba su da fara'a da baƙi. Shi ya sa ko me aka kawo sai in ce madalla. Shekara 3 da suka wuce wata tawaga ta kafa mana sola, aka yi hotuna aka yi addu'a. Batiran sun mutu, kuɗin sababbi ya fi alawus ɗina na watanni, faifan na nan a kan rufi tantabaru na hutawa a ƙarƙashinsa. Duk wanda ya zo sai ya bar mana abin da za mu riƙa ciyarwa. Ni da aka turo koyarwa da ziyara, rabin makona a kan tsani yake ƙarewa ko a hanyar kasuwa neman ƙusa.

Akwai kuma abin da ba ta faɗa ba. Duk daren da baƙi ke gidan nan ba na barci. Tun da aka sace ɗalibai a makarantar Birnin Yauri a 2021, kowa ya san baƙuwar fuska mai yawa a ƙauye magana ce. Yaran mutane ne, in wani abu ya same su me zan ce wa iyayensu? Kuma masu tsaron garin da nake dogara da su, mutanen mai garin nan ne da ban je wa gaisuwa a kan lokaci ba.

Maman yara, ki yi haƙuri da batun rafi. Na gani, na kau da kai.

Shugabar Zumuntar Mata:
To, an fara magana. Haƙurin a zaure ya yi, saura a gida.

Ma'ajin Wata Ikilisiya:
Ɗan'uwa, ban san ko ikilisiyarmu ce ko ba ita ba, amma ka rubuta musu. Ka faɗi mutum nawa ɗakinka ke ɗauka, kwana nawa, wane wata. Ka ce su zo da buhun shinkafarsu da mai dafa musu. Ka ce kafinta ɗaya ya fi maka masu waƙa 10. In sun yi fushi don wannan, da ma ba kai suke turo wa ba, kansu suke turo wa.

Ɗan Ribah:
Faɗi da sauƙi daga ofis mai fanka. In suka yanke alawus ɗin kai za ka biya?

Ma'ajin Wata Ikilisiya:
Ba zan yi alkawarin abin da ba a hannuna yake ba.

Makanikin Famfo:
Kafin a tashi, batun rufi. In za ku sauya katako ku jira ruwa ya ɗauke, ku shafe sabon da baƙin mai kafin a ɗora, ku bi bango ku kankare hanyar gara duk mako. In ana samun azarar giginya kusa da ku ta fi, gara ba ta cika yi mata komai ba. Kuma ku sa gayya, a dafa abinci a kira samarin gari. Ɗakin da mutum ya hau rufinsa da ƙafarsa ba ya bari ya rushe.

Tsohuwar Kofa:
Mama, in sun yarda da mutum kaɗan, ni zan so in zo. Na iya tuƙa tuwo, kuma wannan karon ni zan ɗebo ruwana.

Matar Mai Bishara:
Na dawo da labari. Shekaranjiya da asuba muka je, wani tsoho da ke zama kusa da mu ya raka mu, da goro kamar yadda Malam ya ce. Maigida ya ce mun yi kuskure. Mai gari ya daɗe bai ce komai ba yana ta juya goron a hannu, can ya ce ya ji. Sai ya tambaya yaushe za a gyara famfo, matansa sun gaji da rafi. Maigida ya ce hannu muke nema. Jiya ya turo samari 4, aka zaro sandunan, robar ta cinye har ta rabe biyu. Maganar a riƙa tara kuɗin gyara a gari kuwa, ya ce a bari sai bayan girbi.

Yaran aji ba su dawo duka ba, 5 ne suka ƙaru. Wasiƙar ikilisiya mun rubuta tare, mun ce mutum 4, kwana 5, a cikinsu a samu kafinta, kuma bayan Kirsimeti ba lokacinta ba, don a makon Kirsimeti gidaje muke bi. An karanta saƙon tun daren jiya, ba a amsa ba tukuna.

Baban famfo, robar nan a Zuru za a samu ko sai an aika Kontagora?

Makanikin Famfo:
Ki turo mini hotonta a kan tafin hannu in ga girmanta. Kada ku jefar da tsohuwar, da ita za a je kasuwa. Kuma ku sayi 2.